Rasuwar Gilashin Shugaba Pyo, Wanda Bai Ga Maɓalli Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Dattijo Pyo Man-deok, shugaban Ƙungiyar Masu Tantance Tsofaffin Jiragen Ƙasa ta garin Yeongju, yana sanar da rasuwar gilashinsa na ƙara girma, mai mariƙin tagulla. Ya rasu ranar Asabar da la'asar, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki.

Marigayin mai haƙuri ne. A ba shi hoton da ya koɗe, hayaƙi ya rufe rabin jirgi, zai ƙirga ƙafafu, ya duba bututu, ya faɗi samfurin kan jirgin da shekarun da ya yi aiki. Ba a taɓa jin muryarsa ba sai ɗan "ƙwas" idan an ajiye shi a tebur, kuma duk ɗan ƙungiya ya san in an ji wannan, gardama ta ƙare.

Babban aikinsa shi ne hoton mahaifin Shugaba, mai zuba wa jirgi kwal, yana tsaye a gaban kan jirgi, ya tare lambar jirgin da jikinsa. Marigayin ne ya gano famfon iskar jirgin yana gefen da ba a taɓa ganin irinsa ba. Jirgi ɗaya tilo a ƙasar nan! A kan wannan hoto aka zaɓi Shugaba sau tara, kuma da shi za a buɗe littafin ƙungiya.

Ciwon ajali ya shigo ne da ƙafafunsa. Sunanta Eom Sun-rye, tela ce da ta ajiye aiki, wata takwas kacal da shigarta ƙungiya, kuma har yau ba ta iya bambanta fiton jirgi da ƙararrawarsa ba. A taron ƙungiya aka miƙa mata hoton don ladabi kawai. Ko gilashi ba ta nema ba.

"Shugaba, babanka rigar mamarka ya ara ne?"

"Wace irin magana ce wannan, baiwar Allah?"

"To ai rigar maza hagu ke hawa kan dama. Wannan dama ce a sama. Shekara arba'in ina ɗinka maɓalli, ban taɓa ganin haka ba. Mai wanke hoton nan ne ya juya fim ɗin."

Ta zaro madubin shafa hodarta ta kara a jikin hoton. Famfo ya koma inda kowane famfo yake. Jirgin nan tilo ya zama samfurin Mika na gama-gari, irin wanda ake da hotunansa cike da akwati.

Aka tafa mata. Ma'aji Bang, wanda bai taɓa tsiyaya wa kowa ko ruwa ba, ya tashi da hannu biyu ya zuba mata shayi. Har wani ya ce, "Kai, a sa sunanta a bangon littafi!" Iyalan marigayin ba su ɓoye ba: abin ya ci musu rai, yana kuma ci har yanzu. Shekara talatin da ɗaya na sunkuyo, madubin hoda ya share su kafin shayi ya huce.

A gida marigayin ya cika. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tas!" Shugaba ya ce faɗuwa ya yi. Uwargidansa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abu ya faɗi ya bugi bango ba.

Ya bar kubensa na fata, ƙyallen gogewa ɗaya, littattafan rubutu goma sha huɗu da yanzu sai an sake dubawa, da maigida wanda zaɓe ke jiransa wata mai zuwa.

Ya kuma bar wani abu da Shugaba bai gaya wa kowa ba. Tun yana yaro ya san tabon ƙunar mahaifinsa a kumatun hagu yake. Hoton ya nuna dama, gilashi ya tabbatar, sai ya ɗauka shi ne ya manta fuskar ubansa. A cikin madubin matar nan, na ɗan lokaci, tabon ya koma wurinsa.

Za a binne marigayin ranar Laraba da hantsi, a bayan gida, kusa da tulunan miya. Akwai shinkafa da farfesun naman sa mai yaji. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi, musamman daga Ma'aji Bang. Ba a gayyaci Madam Eom ba. In kuma ta nace sai ta zo, ana roƙonta ta taho da madubin.