Ranar da na nutsar da ƙasa a Boɗinga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu ta kwana a Boɗinga, zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da tsuke bakin aljihu ya kai har cikin tukunyarmu. Shinkafa ta ɓace daga kicin, sai tuwon dawa safe da yamma. Shi ya sa shugaban makaranta ya gayyato wani Alhaji, jigon jam'iyya mai mulki daga wajen garin Shagari, wanda ya yi alkawarin aiko mana da motar shinkafa. Aikinmu kawai mu burge shi.

Ni ba mai magana ba ne (ko gaisuwa sai na tsara ta a zuci tukuna), amma ni ne na ɗaya a labarin ƙasa, don haka aka ce in yi jawabi. Malaminmu Ba'indiye ya ba ni wani sabon littafi a kan ƙasan teku, na haɗiye shi. Abin da ya ce: ɓawon duniya faifai-faifai ne. A tsakiyar teku ake haihuwar sabon ɓawo mai zafi. Yana matsawa yana hucewa yana nauyi, har ya kai inda zai lume ƙarƙashin wani faifan. Gefen da ya lume shi ke janyo sauran, kamar cikakken guga da ya ƙwace yana jan igiya cikin rijiya, wannan jan kuwa shi ke buɗa tsakiyar tekun. Yana lumewa kuma yana ja da baya, sai faifan da ke samansa ya miƙe har ya tsage a bayan jerin duwatsu masu aman wuta, sabon kwari ya buɗe, ruwa ya cika shi.

Malam ya duba na Turanci ya ce ya yi. Sai aka ce iyaye za su zo, a mayar da shi Hausa. Na zauna na tace kowace kalma. Na ga "faifai" zai sa mutane tunanin rufin ƙwarya, na cire, na sa "ƙasa" ko'ina. Har yabon kaina na yi.

Ranar, idona na kan takarda, na soma: "Jama'a, ƙasar nan da muke kai tana nutsewa."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka ilimi ne ya kama su.

"Ɓangaren da ya tsufa, ya yi nauyi, ya yi sanyi, shi ne ya lume, yake jan sauran ƙasa zuwa ƙasa. Na sama kuma ana ta jansa, ana jansa, har ya tsage ta baya."

Daga can bayan rumfa wani manomi ya ɗaga murya: "Hwaɗi gaskiya, ɗan malam!" Malaminmu, da ba ya jin Hausa ko "zo", ya ga jama'a sun motsa, ya miƙe yana tafi.

Alhaji (dattijo ne, kuma kujera biyu aka haɗa masa) ya ɗaga hannu. "Kai yaro, mi kac ce? Wace ƙasa ta ka nutsewa?"

"Wannan da kuke zaune a kai, ranka shi daɗe."

"Tun yaushe?"

A nan ne ya kamata in dubi fuskar shugaban makaranta. Amma an yi mini tambayar da na san amsarta, daɗi ya kama ni. "Ai an daɗe da farawa, ranka shi daɗe. A hankali take yi, kamar tsiron farce, shi ya sa ku ba ku ji."

"To wa ka jan ta?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe. Nauyin tsofaffin ne kawai. Amma kada a damu, in ta tsage sabuwa ke fitowa."

Rumfa ta kece da shewa. Alhaji ya tattara babbar riga ya juya ga shugaba: "Wanga ɗan wa na? Ashe 'yan adawa kuka kiwo nan!"

Sai a lokacin na ji maganata da kunnen mutane. Na bi shi har bakin mota ina cewa, "Teku nake nufi, ranka shi daɗe, ƙarƙashin teku!" Ya sauke gilashi ya dube ni sama da ƙasa. "Teku? Boɗinga?" Direba ya ja.

Motar shinkafa dai mun ji labarin ta sauka wata makaranta. Muka ƙarasa zangon da tuwon dawa, kuma duk wanda ya tsinci ƙwaro a malmalarsa sai ya taso takanas ya ajiye mini a bakin kwano, ya ce, "Ga rabonka, Mai Teku."

Abin da na koya: ƙamus ba ya gaya maka wa zai zauna a kujerar gaba. Yanzu in zan yi bayanin duniya da Hausa, sai na bari an sauke buhuna tukuna.