Gurbin Kalmar Sirri Ya Zama Na Kallo

Jama'a, ku taya ni murna, yau na ga tsaro da idona! Tun da na baro ofishin nan nake dariya ni kaɗai a titi, har wani mai faci ya tambaye ni ko lafiya.

Ni mai aski ne. An garƙame min shago da kwaɗo, wai sai an duba tsafta. An duba, an ce tas yake, saura kawai a danna a kwamfuta a zo a buɗe. Kafin nan kwastomomina sun fara sulalewa wajen ɗan rainin hankalin da ya buɗe shago a tsallaken titi. Mutum ɗaya ya rage min, yayana, wanda ya rantse hannun wani ba zai taɓa kansa ba. Sumarsa har ta fara rufe masa kunne, bawan Allah.

Da na isa ofishin masu duba tsaftar, ma'aikaciyar da na tarar ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga gurbin kalmar sirri nan, baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jere, gwanin sha'awa. Ta danna, ta doka, ko gezau. Ta ce ai shugabansu, Mai Girma Babban Majiɓincin Makullai, ne ya je bita a wani otal mai sanyi, ya dawo da ilimi: duk ɓarna ta hanyar rubutu take shigowa. Sai ya sa aka saka kalmar a gurbin, aka kafe shi, a gani kawai, ba rubutawa ba gogewa. Aiki ya yi ta tafiya sumul, har ranar da na'urar ta ce tsohuwar kalma ta ƙare aiki, a rubuta sabuwa. To, a ina?

Na ce a kwance gurbin mana. Ta ce sai an shiga ciki ake kwancewa.

"Amma fa, malam, tun daga ranar ko ɓarawo ɗaya bai shiga ba," in ji ta.

"Ku fa?"

"Mu ma."

Kai, Babban Majiɓinci, ranka ya daɗe, basira ta ƙare a kanka! An ce har an kafa kwamiti, an saya masa sababbin kujeru, ana kuma shirin ba maigidan lambar yabo. Ni ma na biya ta shagona na leƙa ta taga, na ga almakashina a kwance. Shi ma ya zama na kallo.

Na nufi gidan yayana in ba shi labari mu sha dariya. Na same shi a ƙofar gida ya jawo hula har gira, cikin wannan zafin.

"Yaya, cire hular nan," na ce.

Ya ce mura yake yi. Amma ƙamshin hodar ɗan tsallaken titi ya riga ya gaishe ni, kuma wallahi raina ya sosu. Abin haushin ma, gyaran ƙeyar ya yi kyau.