Tukunyar Silba a Walimar Sauka

Har na koma ga Mahaliccina ba zan manta da shekarar da aka canza takardun kuɗi ba. Ba don wahalar layin banki ba, wannan kowa ya sha tasa. A shekarar ne ni, mai koya wa yara tsarki da alwala, na kusa shayar da malamina abin da na daɗe ina yi wa mutane wa'azi a kansa.

Ina da 'yar makarantar Islamiyya a Birnin Kudu, kuma duk watan Sha'aban mukan yi walimar waɗanda suka sauke Alƙur'ani. Kunun zaƙin walimar kuwa, tun ina sabon malami hannu ɗaya ke yin sa: Inna Tabawa ta Yalwan Damai, tsohuwa 'yar gidan masu shanu. Ta jiƙa gero, a niƙa mata da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta dama a randunanta biyu na ƙasa, ya kwana, da safe ta tace. Ba ta awo, ba ta duba agogo. Ta dai sunkuya ta shinshina ta ce ya yi, kuma ya yi ɗin.

Saura mako biyu walima na shiga Kano, ƙafa ta kai ni wani shago na gwanjon kayan girki da ake kawowa daga ƙasashen waje. Manyan tukwanen silba uku ne a jere. Ta farko mai faɗin baki ce, murfinta sakayau, irin ta gidan kowa. Ta biyu ta lotsa a gindi. Ta ukun ce ta ɗauke mini hankali: doguwa, tana da famfo a ƙasa, murfinta da zoben roba da maƙalai huɗu masu kama shi gam. Na leƙa jikinta na ga gashin gemuna ɗaya bayan ɗaya.

Mai shagon ya ce ba ta tsatsa har abada. Ya manna mata maganaɗisu ya faɗo, ya ce alamar ƙarfe na gaskiya ke nan, kuma Turawa a cikin irinta suke jiƙa abin shansu. (Ban tambaye shi wane abin sha ba. Allah shi ne shaida, ban tambaya ba.) Aibi ɗaya na gano mata, wani ɗan rami a tsakiyar murfi. Na nuna masa da yatsa kamar wanda ya kama ɓarawo, ya yi murmushi ya rage mini. Da na iso gida na narka kyandir na toshe ramin, ina yaba wa kaina da wayo.

Da Inna Tabawa ta zo jin ranar da za ta jiƙa gero, na sa aka fito da tukunyar tsakar gida. Ta zagaya ta a hankali. Ta zura hannu har gindi tana shafa cikin, ta ƙwanƙwasa, ta juya murfin ta daɗe tana duban kyandir ɗina.

Ta ce, “Malam, ƙarfen mai kyau ne. Amma kunu rai gare shi, numfashi yake yi. Ba a toshe masa hanci.”

Da na yi shiru a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai na gyara zama, a gaban matata Saude da matan maƙwabta, na yi wa tsohuwar nan lacca. Na ce randar ƙasa ƙwayoyin cuta take ɓoyewa a ramukanta, na ce zamani ya ci gaba, na ce bana ta huta, ta dai faɗa mini yadda ake yi in rubuta. Ta zauna ta faɗa mini tiryan-tiryan, ni kuwa ina rubutawa da ajami a bayan littafin darasi, har da wasali don kada in yi kuskure. Ƙarshen maganarta shi ne, a sha shi a yinin da aka tace. Wannan ban rubuta ba. Na ɗauka hukuncin randa ne, bai shafi silba ba.

Walima Asabar ce. Alhamis da Juma'a kuwa zan tafi Fagam ta ƙasar Gwaram in ɗauko malamina, Malam Sule, wanda a gabansa na sauke, kuma shi zai yi wa yara addu'a. Don haka tun Laraba na sa aka tace kunu. Na zuba sukari ba tausayi, na rufe murfi, na danna maƙalai huɗun nan, na kai ta ɗakin ajiya mai rufin kwano. Zafin bazara ya riga ya fara cizo. Ranar Juma'a Saude ta kira ni a waya ta ce tana jin tukunyar tana gunaguni. Na ce mata ƙarfe ne ke miƙewa saboda zafi, ilimin kimiyya ne, kada ta taɓa.

Asabar da hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, masu sauka sun jeru da allunansu masu zayyana, iyaye sun cika wuri. Malam Sule yana zaune a gaba cikin farar riga. Na sa ƙarti biyu suka ɗauko tukunyar suka ɗora a tebur dab da shi, don kowa ya gani. Aka kuwa gani, har na ji wani yana tambaya ko daga Makka na zo da ita. Na ɗauki kofi, na ce Malam ne zai fara sa albarka. Na yi bisimilla na murɗa famfo.

Ba kunu ne ya fito ba. Wata farar kumfa ce ta feso da ƙara kamar tayar mota ta fashe, ta bugi kofin ta watsu. Ta wanke wa Malam gaban riga, ta hau rawaninsa, ragowar ta sauka a gemuna. Na yi ta murɗa famfon ina neman rufewa, ashe ƙara buɗe shi nake yi.

Sai wari ya biyo baya. Wani tsami mai kaifi, mai hawa kai, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Malamai suna duban juna, kowa yana zargi, babu mai ikon ba da shaida. Ɗanladi direba ne, wanda ya kawo mu daga Fagam, mutumin da ya yi shekaru yana jan babbar mota a kudu kafin Allah ya shirye shi, ya matso ya shaƙa sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Allah gafarta Malam, ni dai na tuba tuntuni. Amma wannan na san shi.”

Na so ƙasa ta tsage. Iyayen da suka ba ni amanar 'ya'yansu suna kallona, ga tukunya tana ci gaba da tofar da kumfa, ga ni riƙe da kofi. A raina na riga na ji yadda za a ba da labarin a kasuwa: malamin Islamiyya ya dafa giya ranar sauka. Wa zai sake turo mini ɗansa?

Malam Sule ya share fuskarsa da gefen rawani, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni kwana nawa ya yi a rufe. Na ce uku. Ya ce to a zubar a bayan gari, a wanke tukunya, abin da aka yi cikin rashin sani Allah mai gafara ne. Sannan ya ƙara da cewa babin da ya karantar da ni a kan abin da ke gusar da hankali, bai san zan yi masa gwaji a aikace ba. Mutane suka ɗan yi dariya, irin ta tausayi.

Ana cikin haka sai ga mata suna fitowa daga cikin gida da manyan ƙore a ka, Inna Tabawa a gaba. Jikarta tana cikin masu sauka, kuma ashe tun ranar Juma'a ta dama nata a randunanta, da geronta, ba ta gaya wa kowa ba sai Saude. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi tukunyar ba. Ta durƙusa ta gaida Malam, ta ce ga kunun makaranta, a raba wa baƙi. Kunun makaranta ta ce, ba nata ba. Kafin a gama addu'a kowa yana riƙe da ludayi, ana ta yabon kunun bana, zancen kumfa ya koma abin raha. Ba yaro ko ɗaya da aka cire mini.

Kunya ta hana ni zuwa wurinta. In na hango ta a kasuwa sai in shiga wani layi. Har aka shekara, wata walimar ta gabato, Saude ta ce mini ita fa ba za ta aika wa Inna ba, wanda ya sallame ta da bakinsa shi zai je ya kira ta da ƙafarsa.

Na ɗaura tukunyar a bayan babur na nufi Yalwan Damai. Na tarar da ita a tsakar gida da surukanta mata suna sussuka. Na so mu keɓe, sai na tuna a gaban mata na yi mata laccar. Na tuɓe takalmi na tsuguna, na ce na zo neman gafara, na raina saninta alhali ita ta rufa mini asiri. Ta ce ba komai, ta yafe tun ranar. Ta jawo tukunyar, ta sa tsinke ta ƙwaƙule sauran kyandir ɗin, ta hura ramin.

Ta ce, “Wanda ya ƙera ta ya san abin da yake yi. Ka bar mini ita, kindirmo zan riƙa kwantarwa a ciki. Kai kuwa, Malam, ranar Juma'a ka aiko da gero. Gero kawai.”

Tun daga nan, in mai sana'a yana magana, nakan rubuta har ƙarshenta, ko da takarda ta ƙare.