Ragar da Na Kafa wa Indararo

Ba zan taɓa mantawa da kakar farko bayan rasuwar mijina, Baban Rahila, ba. Shekara goma sha biyu muna gidanmu a unguwar Handsworth, a ƙasar Turawa, ban taɓa tambayar ina ruwan sama yake bi ba. Shi ne yake hawa tsani ya kwashe ganye daga indararo, ni kuwa in riƙe masa tsanin ina mita.

Da ganye ya zubo a waccan shekarar, indararon ɗan rufin da ke saman ƙofarmu ya toshe, bango ya fara jiƙa. Lokacin ne aka rage mana awoyi a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ba ni da kuɗin kiran ma'aikaci. Ga ƙanin mijina, Ishaya, kullum yana waya daga Manchester: "Mama Rahila, gidan nan ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Ku tattaro ku dawo kusa da mu." Da, Ishaya ba ya kirana sai "uwargida mai ƙona tuwo". Tun ranar jana'iza bai sake tsokanata ba, sai ladabi, kamar ni baƙuwa ce.

Ya ce zai zo ranar Asabar tare da fastonmu a zauna a kan maganar. Na san idan ya ga bangon nan, magana ta ƙare. Ni kuma ba na son barin gidan. Har yanzu rigar ruwan mijina tana rataye a bayan ƙofa.

Na taɓa jin Baban Rahila yana cewa zai sa wa indararon raga, ganye ya daina shiga. To, ni a Kafanchan na girma, ragar da na sani ita ce ta sauro a taga, kuma a jikin katako ake kafa ta da ƙusa. Na shiga bas zuwa wani shagon kayan gini a Erdington. Na yi kusan awa a layin kayan kafinta. Zarto kala-kala, na ɗauki wanda haƙoransa suka fi girma, don ya fi kama da mai aiki. Guduma kuwa na zaɓi mai nauyi (a tunanina mai nauyi ita ce ta gaske). Na haɗa da sillayen katako, da ragar waya, da ƙusoshi masu tsawon yatsa.

Wata dattijuwar Baturiya mai aiki a wurin ta dubi kwandona. "What's it for, love?"

Na ce na gutter ne, wato indararo. Ta ɗaga hannu za ta nuna mini wani layi, na yi maza na ce, "I know, I know." Tsoro nake kada ta tambaye ni ina maigidana.

Kwana biyu na yi ina yanka katako a kan kujerar kicin. Ranar Juma'a na hau tsani, Rahila 'yata tana riƙe da shi tana cewa, "Mum, kin tabbata?" Indararon na roba ne, na gani sarai. Amma na ɗora katakon na buga. Kowace ƙusa ta shige da sauƙi, har na ji daɗi.

Asabar da rana suka iso, ruwa yana saukowa. Ina leƙe ta taga. Fasto ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe lemarsa, ya cire hula don girmama gidan makoki. Daidai lokacin ruwan ya samu hanya. Ba ta wuri ɗaya ba, ta kowane rami da na huda, layi guda, kamar rariya. Na buɗe ƙofa na tarar da baƙin ruwan ruɓaɓɓen ganye yana bin sanƙon Fasto zuwa cikin kwalarsa.

"Salama a gidan nan," in ji shi, idonsa a rufe.

Ishaya ya ɗaga kai ya dubi katakon. "Wane ne ya yi wannan aikin?"

Na so in ce wani ma'aikaci ne. Rahila ta riga ni: "Mum ce, Uncle. Da guduma."

Ya juyo ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Uwargida! Tuwo bai ishe ki ba, yanzu rufi kika koma? Ragar nan fa ta roba ce ake sayarwa, da hannu ake maƙala ta. Ko almakashi ya isa!"

"To mai gyara, da kana ina?" na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

Muka yi dariya a cikin ruwan, har tawa ta juye ta zama kuka. Fasto ya ba mu lokaci, yana goge kansa da hankici.

Ba a yi zaman ba a ranar. Ishaya ya ɗauko rigar ruwan yayansa daga bayan ƙofa, ya tsaya riƙe da ita yana dubana. Na ɗaga masa kai alamar ya saka. Ya saka, ya hau tsani ya zare ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya. Daga sama ya ce matar da ta iya hawa nan da guduma ba a ɗauke ta daga gidanta, sai dai a ɗauke gudumar. Ya kuwa tafi da ita Manchester.

Har yau ina Handsworth. Kuma idan mai shago ta ɗaga hannu za ta nuna mini wani layi, ina rufe bakina in bi hannun.