Magana Uku, Tabarma Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wautar da na tafka ba lokacin da nake shugaban wani ɗan kamfaninmu na matsar man gyaɗa a unguwar Tukur-Tukur, Zariya. Ni da boko a aji uku muka yi sallama, amma Allah Ya ba ni baki, ni kuwa na ɗauka baki shi ne shugabanci.

Zamanin soja ne, kayan gyaran inji sun yi tsada, gyaɗa ta yi wuya. Na tara masu hannun jari a ofis, na ce su kwantar da hankalinsu, bayan Sallah zan sallami rabin ma'aikata. Washegari ma'aikatan suka turo shugabansu, Malam Garba mai kula da inji. Na dafa kafaɗarsa na ce muddin ina numfashi ba wanda zai bar aiki. Manoman da ke kawo mana gyaɗa kuwa, cewa na yi ƙarin inji ma za mu sayo. (Har yabon kaina na yi a mota, wai 'yan jami'a ma iyakar abin da ake koya musu ke nan.)

Na manta cewa a birnin Zariya magana ba ta kwana a ofis. Wanda ba ɗan'uwanka ba, surukinka ne.

Sai aka yi rasuwa a Ƙofar Doka. Na shiga zaure gaisuwa, na tarar da Alhaji Sani, babban mai jarinmu, tabarma ɗaya da Malam Garba (ashe ƙanwar Alhajin yake aure), ga wakilin manoma a gefe. Bayan an shafa fatiha, Alhaji Sani ya shiga ba surukinsa haƙuri cikin tausayi, wai gara ya fara neman aiki a wani wurin tun kafin Sallah. Wakilin manoma ya ce ina, ai ƙarin inji za a sayo, shi da kunnensa ya ji daga bakina.

Su ukun suka juyo suka dube ni. Ba wanda ya ɗaga murya, gidan makoki ne. Na sunkuyar da kai ina jan carbi da sauri, kamar ni aka yi wa mutuwar. A kan tabarmar nan na koyi cewa shugaba na iya sauya lafazi daga taro zuwa taro, amma maganar dole ta kasance guda.

Wajen sa takalma Malam Garba ya matso kusa da ni, ya yi mini magana ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, wancan makon aka kira ni aiki a wata masaƙa a Kaduna. Na ce su ba wani, maigidana ya riga ya yi mini alkawari."