Ranar da Na Gyara wa Abban Hanifa Agogo

Maigidana, Abban Hanifa, yana cikin masu haɗa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. So suke ko wa ya haɗa ta, a kowace na'ura, a kowace rana, ta fito iri ɗaya sak, don kada wani ya cusa mugun abu a ɓoye. Na ce na gane, ai kamar alkakin Hajiyarmu ta unguwar Sheshe ne, kullum iri ɗaya yake fitowa.

Ran nan ya kunna kwamfuta biyu, ya bar su suna haɗa manhajar, ya tafi Juma'a. Ina goye da Hanifa ina shara, sai idona ya kai kan ɗaya: kwanan watanta ya yi gaba da shekara guda! A ce mijina ya miƙa aiki da ranar ƙarya, alhali ni ke saita wa matan gidanmu waya? Na ƙara ɗaure zani, na yi ta lalube ina gumi, sai da na daidaita ta da 'yar'uwarta.

Da ya dawo ya ga sakamako ya zo ɗaya, ya yi hamdala, ya tura wa abokan aikinsa albishir. Na gyara murya: "Ni za ka gode wa, na gyara maka agogo."

Ya juyo ya ce: "Maman Hanifa, da gangan na karkatar da shi. Gwajin ke nan fa, a ga ko sakamako zai zo ɗaya duk da ranarsu ta bambanta."

Da hannunsa ya janye albishirin.

Har yau in ƙaninsa ya shigo sai ya dafe agogon hannunsa: "Kowa ya ɓoye nasa, Injiniya na gida!"