Lambar Sirrin Oga Obadiya

Idan ana lissafin masu riƙe sirri a garin Bauchi, to a fara da Oga Obadiya, incajin wani ƙaramin asibiti da ke can bakin Tirwun, sannan a huta a sha ruwa kafin a nemo na biyu. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya waiga hagu da dama kafin ya ce lafiya lau. Ba likita ba ne, amma idan ka kira shi Dakta ba zai kunyata ka da gyara ba. Tawali'u ke nan.

Ɗaukakarsa ta cika ne da aka tura shi bitar kwana uku a wani otal a GRA. Ya dawo da satifiket, da kati rataye a wuya, da kwamfutar hannu a jaka. Duk ranar Laraba, daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, wata likita mai suna Dakta Yasmin za ta bayyana a allon daga babban asibiti, ta duba marasa lafiya ta bidiyo. Wata biyar ke nan da gama bita, katin bai sauka daga wuya ba. Ana cewa har gidan biki da shi yake zuwa.

"Jama'a," in ji shi ranar farko, "wannan na'ura ba ta wasan yara ba ce. Maganar da ta shiga cikinta a kulle take tafiya, ko waɗanda suka ƙera ta ba su isa su ji ba. Lambar sirrinta kuwa wuri ɗaya tak take a duniya." Ya ƙwanƙwasa goshinsa. Tun daga ranar ya zama Sarkin Sirri.

Ya kwashe kayan sito ya mai da shi ɗakin ganin likita, ya sa labule biyu da kwaɗo uku. Taga ce kawai ba a rufewa, don sabis ba ya shiga sai tana buɗe, bencin masu jira kuma a gindinta yake.

Sauda, ungozomar asibitin, shekararta goma sha huɗu tana karɓar haihuwa a wurin. Ta taɓa roƙonsa ya ba ta lambar saboda ranar da ba ya nan.

"Sista," ya ce, yana shafa katinsa, "kin je bita?"

Ba ta sake tambaya ba, don ba ta da buƙata. Sarkin Sirri da yatsa ɗaya yake danna allo, kuma Allah bai hore masa danna harafi ba sai ya faɗe shi da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya a gaban malami. Duk Litinin yakan canja lamba kamar yadda aka koya musu, duk Litinin benci yakan haddace. Sauda ce ke kora mata zuwa gindin darbejiya idan an fara ganin likita, ba tare da an ba ta satifiket ba.

Wata Laraba aka wayi gari hankalin Sauda a tashe. Habibatu, wata Bafillatana mai cikin wata takwas, ta dawo ƙafafu a kumbure, kai na sarawa, jini ya hau fiye da na ranar Litinin. Sauda ta rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, amma mijinta Jalo ya kafe: 'ya'ya uku ta haifa a gida lafiya, ba inda za su sai ya ji daga bakin likita. Likita kuwa sa'a ɗaya ce a mako. Sauda ta ji tsoro ƙwarai, don ta san inda irin wannan ciwon kan ke kai mace.

Sai ga shi ranar aka yi babban baƙo, wani jami'i daga ofis ya zo ganin yadda aiki ke tafiya. Oga ya saka farar riga ta likitoci, ya yi jawabi a kan sirri na minti ashirin, aka ɗauki hoto da kwamfuta, aka sake ɗauka don katin bai fito ba. Ƙarfe goma da rabi ya buɗe kwaɗo na uku.

"Babban O, ƙaramin g, ƙaramin a, ɗaya, tara..." Na'ura ta ce ba haka ba. Ya yi murmushi ya gaya wa baƙo cewa tsaro ke nan. Ya sake. Ta sake ƙi, ta ƙara da gargaɗi: kuskure ɗaya ya rage ta kulle kanta sai gobe. Gumi ya tsattsafo a goshin nan da babu irinsa a duniya. Lambar makon jiya yake dannawa, ta wannan makon ta gudu.

Sauda ta cije leɓe. Ranar Litinin tana ɗakin haihuwa aka yi canjin, ba ta samu karatun ba. Saura minti ashirin.

Sai wata siririyar murya ta shigo ta taga. Habibatu ce, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa.

"Oga, ba da babban D ka fara ba shekaranjiya?"

"Ƙaramin a!" wata ta karɓa.

"Ƙaramin k, bakwai, huɗu, tauraro!" benci ya amsa baki ɗaya, har da mai tallar gyaɗa.

Sauda ta janye kwamfutar daga gabansa ta danna. Fuskar Dakta Yasmin ta bayyana. Aka kora mata gindin darbejiya, aka shigo da Habibatu da mijinta. Likita ta ji awon jinin, ta dubi ƙafafun, ta ce wa Jalo, "Malam, yanzu za ka kawo ta, ba anjima ba." Jalo ya fita da gudu neman keke napep. Sai da suka ɓace a kwana Sauda ta ji numfashinta ya dawo daidai.

Oga Obadiya kuwa ya shaida wa baƙo cewa an yi wa asibiti kutse, kuma zai kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba. Ya kori kowa, ya ja labule biyu, ya danna sakata, ya zauna canja lamba. Mata suka dawo benci suka nutsu.

"Babban S, ƙaramin i, ƙaramin r..."

"Oga," wata tsohuwa ta ɗaga murya, "a ɗan maimaita na ƙarshen, babur ya wuce ba mu ji ba."

Ya maimaita.